Sunana a Bakin Bilkisu

Mu shida ne a ɗakin ranar. Akwai ni, Hajara. Akwai Bilkisu, matar ɗana na fari. Akwai Ramatu 'yar Kumasi, wadda ta sauke mu a gidanta, ita ce kuma bakinmu da kunnenmu a ƙasar. Akwai Doris, baƙar fata 'yar can, dattijuwa mai furfura irin tawa, wadda hukuma ta ba riƙon jaririyar. Akwai Lora, ma'aikaciyar hukumar, yarinya ƙarama, kullum da takarda a cinya da biro a hannu. Ta shida ita ce wadda aka taru dominta, jikata, watanta bakwai a duniya, tana zaune a kan bargo tana ƙoƙarin kai yatsan ƙafarta baki.

Azumin bana ne ya tono mini wannan. Jiya da hantsi na fito na tarar da jikar nan tawa kwance a siminti, ta manna kumatu a jikin randa, wai ita ma azumi take yi, sai azahar za ta sha ruwa. Bilkisu na yi mata fifita tana yi mata tsiya. Na tsaya ina kallonsu har ƙafata ta gaji. Da la'asar na ce Bilkisu ta ɗauko biro. Ni ban taɓa shiga aji ba, ita ce malamar makaranta. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, inda bai yi mata daɗi ba ma ta rubuta.

Autata Asma'u nas ce a Amurka. Mijinta ya sake ta tana da cikin wata uku, ya koma wata jiha, daga baya ya sa hannu a takarda cewa ba ruwansa da abin da za a haifa. Ta haihu lafiya. Kwana huɗu jini ya ɓalle mata, Allah ya karɓi abinsa. Kafin nan ta riga ta rubuta sunan yarinya a takardar asibiti, sunana ta sa mata. Da a Dambatta ne, kafin a dawo daga maƙabarta yarinyar tana bayan wata a cikinmu. A can kuwa aka ce 'yar ƙasa ce, babu dangi kusa, hukuma ta ɗauka. In muna sonta sai mun je an gan mu, an auna mu, alƙali ya yarda. Ni aka ce na tsufa. Ɗana da Bilkisu shekararsu goma sha ɗaya Allah bai ba su haihuwa ba, sai aka rubuta sunansu. Aka yi watanni ana takardu kafin mu samu biza. Mu uku muka tafi. Shi ya yi sati uku, hutunsa ya ƙare, ya koma bakin aiki ya bar mu.

Ba za ku ji sunan ɗan nan nawa a nan ba. Ɗan fari ne. Yau ya ba hamsin baya, ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakina. Haka na taso na gani, haka na yi.

Azumi ya same mu a can, a tsakiyar zafinsu. Ban taɓa ganin rana mai taurin kai irin ta ƙasar nan ba. Ka yi sahur, ka yi asuba, ka yi azahar, ka yi la'asar, ka zauna ka zauna, ita tana nan a rataye, sai wajen takwas da rabi ta ga dama ta faɗi. Zafin kuma ba irin namu ba ne mai busar da zufa. Nasu jiƙaƙƙe ne, in ka buɗe ƙofa kamar ka leƙa kanka cikin madambaci. Ka koma ciki, sanyin na'urar esi ya kama maka gwiwa. Na rasa inda zan sa kaina.

Ɗakinmu a ƙarƙashin ƙasa yake, da 'yar taga ɗaya can sama wadda ba a ganin komai ta cikinta sai gindin ciyawa. Ramatu tana fita tun da sassafe wurin tsofaffin da take yi wa jinya. Ana cewa 'yan Najeriya sun cika garin da muke, Upper Marlboro. Ni dai motocinsu na gani. Gidaje a jere, ciyawa a aske, ba yaro a waje, ba akuya, ba mai yin sallama. Sai kukan gyare a bishiyoyi tun safe, kamar ana wasa wuƙa a kunnenka. Wata rana barewa ta zo har bakin ƙofa ta tsaya tana kallona, na ce ko ke kin fi mutanen unguwar nan zumunci.

Hannuna bai saba zama ba. Na share ɗakin da ba shi da datti. Na wanke kwanon da aka riga aka wanke. Na fita bayan gida na cire wa Ramatu ciyawa, ashe furanninta ne na tuge, ta dawo ta riƙe kai. Na hau bene, na sauka, na sake hawa. In na ɗauki carbi, kafin in kai ƙarshe na manta abin da nake ja. Kwana biyu kawai na sani a sati, Talata da Alhamis, ranakun da ake kai mu ganin yarinya. Sauran kwanakin jira ne.

Daga la'asar muke shiga kicin. Geron da Ramatu ta samo a shagon 'yan Afirka ya daɗe a leda har ya manta ƙanshinsa. Tsamiya sai da aka je wani gari wai shi Annandale. Bilkisu ta dama kunu, ni in surfa wake da hannu ta markaɗa a ɗan injin tebur. Ranar farko da muka ɗora ƙosai wata na'ura a rufin ɗaki ta kama ihu saboda hayaƙi, muka fito waje da gudu ba takalmi, matsami a hannuna. Ramatu ta yi dariya har da hawaye. Ni ban yi ba.

Wurin ganin yarinyar wani ofis ne, tafiyar rabin awa a mota. Ɗaki ne mai fentin rawaya, da kayan wasa a kwando, da kujeru ƙanana kamar na tsakar gida. Awa biyu ake ba mu. Doris ta kawo ta, Lora ta zauna a kusurwa tana rubutu.

Zuwan farko na karɓi yarinyar na duba ta tsaf. Na duba bayan kunne, na buɗe matsematsin wuya, na ware yatsun ƙafa. Ko ɗigon datti babu. Ban so in yaba wa Doris ba, amma wadda ta san raino na san ta in na gan ta. Abu ɗaya na riƙe mata, gashin haihuwa yana nan a kan yarinya ba a aske ba. Goshin kuwa na Asma'u ne sak. Da na gan shi sai da na juya baya na gyara mayafi.

Kowane zuwa haka muke yi. Ni in ɗauki jikata in ɗora a cinya, in yi mata rawa, in ce kishiyata ta zo ƙwace mini miji. Bilkisu ta zauna a bakin ƙofa, ta ninke kayan yarinya, ta sake ninkewa. In na miƙa mata ta karɓa ta canja mata ƙunzugu da sauri ta maido mini. Ba ta kallonta ido cikin ido a gabana. Suna kuwa ina za ta iya? Sunan uwar mijinta ne. Sai dai can ƙasa-ƙasa ta ce, "Mamana." Yarinya ba ta san wata Mamana ba, ko waiwaye ba ta yi. Doris kuwa daga bakin ƙofa za ta buɗe murya ta ce, "Hajara!" sai yarinya ta ɗaga hannu biyu tana ɓangala dariya, Bilkisu ta sunkuyar da kai kamar an zage ni.

Ni kuma ina zaune ina jin daɗi. Ina cewa a raina, bari su ga 'yar gidan mutunci. 'Yar fari ce za ta zama a wurinta, ga ta mai sunan suruka, ga surukar a zaune. Me ake so ta yi? Na ɗauka abin da Lora take rubutawa ke nan.

Ranar da nake ba da labari Alhamis ce, azumi ya kai goma sha tara. Tun safe iska ta tsaya cak, sama ta yi fari. Bakina ya bushe tun kafin mu shiga mota. Na zaunar da yarinyar a bargo don in miƙe ƙafa, sai ta yi baya, ƙeyarta ta bugi ƙafar kujera. Ba wani bugu ba ne, amma ta tsala ihu. Bilkisu ta zabura ta miƙe, har ta yi taku ɗaya. Sai ta kalle ni. Ta koma ta zauna.

Doris ce ta sure ta. Na ga biron Lora yana tafiya, yana tafiya, bai tsaya ba har ta juya takarda.

Da yarinya ta yi shiru, Lora ta ajiye biro ta yi wa Bilkisu magana a hankali. Bilkisu ta amsa da kalma biyu, idonta a ƙasa. Sai Doris ta karɓe, muryarta a sama, tana jijjiga yarinya tana nuna Bilkisu da haɓa.

Na ce, "Ramatu, me suke cewa?"

"Bari mu fita tukuna, Mma."

"Yanzu za ki faɗa mini."

Ta ja numfashi. "Ta ce sati bakwai tana kallo. Wadda za ta zama uwa ba ta taɓa ɗaukar yarinya don kanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa ba, ba ta taɓa kiran sunanta ba. Yau yarinya ta faɗi, ta tashi ta koma ta zauna. Tana tambaya ko dole aka yi mata."

"Ita kuma tsohuwar?"

"Ta ce ba za ta zuba ido a haye teku da yarinya a kai wa matar da ba ta sonta ba. In haka ne, ita za ta roƙi alƙali ya bar mata."

Na ce, "Gaya musu wannan kunya ce. Gaya musu tarbiyya ce. A garinmu wadda ta rungume ɗan fari a gaban surukarta ita ake yi wa kallon marar hankali."

Ramatu ta yi ta bayani, da baki da hannu. Lora ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ta ba, wannan na ba ta. Sannan ta ce ta ji, ta kuma yarda kowane gari da al'adarsa. Amma ita abin da idonta ya gani aka ce ta rubuta, alƙali kuma ba zai je Dambatta ya duba ba. Gobe Juma'a da yamma takardarta za ta tafi. Abin da za ta iya yi mana, ta ƙara mana zuwa ɗaya, gobe ƙarfe goma na safe.

Muka shiga mota, muka hau babban titi. Na juya na ce, "Bilkisu, ke da kike jin Turanci, tun yaushe take miki wannan tambayar?"

"Tun sati na uku, Inna."

"Shi ne kika yi shiru?"

Ramatu ce ta amsa, idonta a kan hanya. "Ta ce miki me, Mma? Ta ce ki kau da kai? Idon nan naki, ni da ba surukarki ba, in kin kalle ni sai na duba ko zanena ya kwance."

"Ramatu, ki kiyaye ni."

"Ina kiyaye ki. Asma'u ma ta gaya mini, ta ce in kina tsakar gida kaji ma a hankali suke tafiya."

Da wata ce ta faɗa da na wanke ta tas. Amma sunan Asma'u ta kira, kuma ita ta rufe mata ido a asibiti. Na ƙyale ta.

Muna isa gida hadari ya haɗo, baƙi ƙirin, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bilkisu ta shige kicin ta jiƙa wake. Ni na kasa zama. Na sauka ɗakinmu, na hau, na sake sauka. Don hannuna ya samu abin yi sai na kama cire zannuwan gado, wai zan wanke, alhali shekaranjiya aka wanke su. Na zare rigar matashin Bilkisu, wani abu ya faɗo ƙasa.

Safar jariri ce, ƙafa ɗaya, rawaya.

Na san ta. A sati na biyu Doris ta neme ta, muka duba ƙarƙashin kujeru, muka zazzage kwandon wasa. Har da Bilkisu a masu nema, a durƙushe. Ga ta nan, ta yi laushi, ta dusashe saboda shafa.

Na zauna a bakin gado da ita a tafin hannuna, ruwa na dukan 'yar tagar nan. Sai shekarar fari ta dawo mini, lokacin ɗana yana goye. Ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai, ya bushe a tsaye. Azumi ya zo, rumbu ba komai, da ganyen tafasa da ɗan gari ake shan ruwa. A gida yaron na uwar mijina ne. In ba nono ba, ba na taɓa shi, ko ya yi kuka sai in kama wani aiki. Kowa na yabona. Amma da rana in muka fita neman ganye, nakan bar mata su yi gaba, in ratse bayan wata kuka. In kwance shi in ɗora a cinya, in hura masa ciki yana ƙyalƙyala dariya, in kira sunansa, in sake kira, har sai na ƙoshi. Ga yunwa, ga ƙishi, ƙasa na ƙona tafin ƙafa, amma wannan ɗan lokacin shi ke riƙe ni har magariba. Ba wanda ya sani. Yau ne na fara faɗa, ga mai rubutun nan ta tsaya tana kallona. Rubuta.

Ni ina da daji. Bilkisu awa biyu aka ba ta, a ɗaki mai kusurwa huɗu, da ni zaune a tsakiya.

Na mayar da safar inda take. Na mayar da rigar matashin. Da aka sha ruwa na lura ko rabin kofin kunu ba ta sha ba, ƙosai ɗaya ta riƙe har ya huce. Ɗana ya kira a waya yana tambayar yadda aka yi, na ce masa sai gobe. Ban ce wa kowa komai ba.

Da gari ya waye na jawo akwatina na zazzage shi har ƙasa. Akwai majanyi na saƙi da na zo da shi, wanda na goyi Asma'u da shi. Niyyata ni zan goya jikata da shi ranar da za mu hau jirgi, in shiga Dambatta da ita a bayana kowa ya gani. Na naɗe shi na sa a jaka.

Ruwan jiya bai rage zafin ba, tururi kawai yake tashi daga kwalta. Muka isa ofis, muka bi dogon baranda. Ta gilashin ƙofa na hango Doris ta riga mu, yarinya na cinyarta da 'yar riga fara. Ramatu ta tura ƙofa ta shiga. Na riƙo hannun Bilkisu.

Na ce, "Tsaya." Na ciro majanyin na ɗora mata a hannu. "Yau ban shiga ba."

"Inna, don Allah."

"Ki goya ta. Ki yi mata wasa. In kuka ya zo miki ki yi, su gani. Kuma ki kira ta da sunan da uwarta ta sa mata, shi ta sani."

Ta girgiza kai, hawaye na zuba. "Bakina ba zai iya ba, Inna."

"Sace safa fa, hannunki ya iya?"

Ta ɗago ta kalle ni. Shekara goma sha ɗaya tana gidana, ranar ce ta fara kallona ido cikin ido.

Na ce, "Ba ni za ki kira ba. 'Yarki za ki kira. Wuce."

Ta shiga. Lora ta leƙo tana tambayar ko kaka ba ta da lafiya, na ji Ramatu tana ce mata kaka lafiyarta ƙalau, hutu take yi.

Akwai wata kujerar roba a barandar. Na ja ta na juya, na ba ƙofar baya, na fuskanci bango. Ni da ban taɓa barin abu ya wuce idona ba. Awa biyun nan nawa ne su ma, ban kuma san ko su ne na ƙarshe da zan ga goshin Asma'u ba. Wuyana har ciwo yake don son waiwaye. Na ciro carbi na damƙe shi.

Ƙofar ba ta rufu duka ba. Na daɗe ban ji komai ba sai ƙarar esi da motsin takarda. Can na ji muryar Bilkisu, siririya, tana rawa, ta fara ta kasa. Ta yi gyaran murya. Ta sake.

"Hajara."

Sannan da ƙarfi, har da 'yar dariya a cikin kukan, "Hajara! Zo nan. Zo, Hajara."

Sai na ji ƙyalƙyalar yarinya.

Saura kaɗan in ce na'am. Na toshe bakina da gefen mayafi, na ci gaba da kallon bango.